Tsakanin Faifai da Memori: Nasiha ga Matasa Masu Son Waƙa

Ɗana, 'yata, ku ba ni aron hankalinku a kan wani abu da kuke gani ƙarami ne, wato hanyar da waƙa ke bi ta shigo hannunku. Wayar da ke aljihun ɗayanku yau tana ɗauke da waƙoƙin da kantin mai kaset sukutum bai taɓa tarawa ba a zamaninmu. Wannan ni'ima ce, kuma ba zan ce ku koma zamanin garmaho ba, domin in kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abu biyu da nake ta gani suna maimaituwa. Na ga matasan da suka shekara suna tara waƙoƙi a waya, rana ɗaya suka wayi gari babu ko guda. Na kuma ga mawaƙan da gari ya haddace waƙarsu, amma da ciwo ya kwantar da su sai da aka yi musu karo-karo. Waɗannan biyun daga tushe ɗaya suka fito.

Bari in faɗa muku yadda abin yake a da, don ku ga abin da ya faɗi a hanya. Iyayenmu sun ji makaɗa a faifan garmaho, irin wanda kamfanoni kamar EMI da Decca suka riƙa bugawa, da kuma gidan Rediyon Kaduna da ya fara aiki a 1962. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ne ya shigar da waƙa kowane gida, daga birni har ruga. Faifan CD ya zo duniya a 1982, ya ɗauki shekaru kafin ya zama ruwan dare a kasuwanninmu. A duk waɗannan, in kana son waƙa sai ka tashi ka je kanti. Mai kanti ya saka maka ka ɗanɗana, ka juya kwalin ka duba, ga hoton mawaƙi, ga sunayen waƙoƙin gefen farko da na gefe na biyu, ka yi ciniki ka biya ka tafi da abinka. In zaren ya tsinke ka nemo jan farce ka liƙe, in rediyo ya tauna shi ka zura biro a ramin ka naɗe shi a hankali har ya koma daidai. Mutum ba ya yi wa abin da ya tsinta a banza irin wannan hidima.

Satar fasaha kuwa ba yau ta fara ba. Rediyo mai baki biyu yana kwafe kaset tun wancan lokaci, kuma manyan makaɗanmu irin su Alhaji Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos ba cinikin kaset ne ya riƙe su ba. Iyayen gidansu ne suka riƙe su, da filin wasa, da kyautar da ake yi musu ido da ido. Sai dai kwafin wancan zamani yana da iyaka: muryar kwafi ba ta kai ta asali ba, kwafin kwafi kuma sai ƙara da shuu, don haka mai son abu mai kyau yakan nemi na asali. Da finafinan Hausa suka bunƙasa a ƙarshen shekarun 1990, wannan ciniki ya buɗe wata ƙofa da ba a saba da ita ba. Yaro ɗan talaka, babu sarki babu attajiri a bayansa, ya shiga sutudiyo ya yi waƙoƙinsa, ya kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, su saya su buga, kaya su bazu zuwa Kaduna da Jos da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram. An sha kuka da 'yan kasuwar a kan rabon riba, ba na musu. Amma duk da haka jama'a ce ke riƙe da mawaƙin, da 'yan nairorin da kowa ya ajiye a kan kanta.

Yanzu ku tsaya a bakin kowace kasuwa ko tashar mota ku dubi masu tura waƙa, waɗanda ake kira 'yan dawunlodin. Ɗan teburi ne a ƙarƙashin lema, da kwamfutar tafi-da-gidanka guda, lasifika tana tashi, wayoyin caji sun harɗe da juna. Mutum ya miƙa memori ya ce a cika masa. Yaron ya tambaye shi, na soyayya ko na siyasa, tsofaffi ko sababbi? Ya jawo jaka guda ya juye, kafin mai shayin da ke gefe ya gama haɗa kofi ɗaya an gama. Waƙoƙi ɗaruruwa a kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Mai memori ya tafi yana murna ya yi araha. Bai san sunan rabin abin da aka zuba masa ba, kuma ko kwabo daga abin da ya biya ba zai isa hannun wanda ya rera ba. Haka ma shafukan intanet da ke ɗora sabuwar waƙa ranar da ta fito: su ke cin kuɗin talla, wasunsu har muryar da ke kiran sunan shafinsu sukan liƙa a tsakiyar baiti.

Ban ɗora wa yaron nan laifi shi kaɗai ba, abinci yake nema a lokacin da aiki ya yi wuya. Amma ku zauna ku lissafa abin da ke bayan waƙa ɗaya ta minti biyar. Akwai dararen da aka raba ana gyara baitoci. Akwai kuɗin sutudiyo, da na mai kiɗa, da na 'yan amshi, da na wanda ya tace murya, da man janareta, tunda wuta ba ta zama. Duk wannan daga aljihun mawaƙi ya fita, wani lokaci bashi ya ci. Mu da aka raina a kan tsoron haƙƙin mutane, waɗanda ba za su ɗauki tumatir ɗaya a tiren mai talla ba tare da biya ba, mun saba da kwasar gumin mawaƙi ba tare da zuciyarmu ta motsa ba, don kawai abin ba ya da nauyi a hannu. Doka ma ta san da wannan haƙƙi. Nijeriya tana da hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha, kuma sabuwar dokar da aka sanya wa hannu a 2023 ta shigo da abin da ake ɗorawa a intanet. Amma doka ba za ta bi ku har cikin ɗaki ba. Abin da zai bi ku shi ne tarbiyyar da kuka tashi da ita.

Ga inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Nakan ji ku kuna kukan cewa waƙoƙin yanzu ba su da ma'ana, daga yabon ɗan takara sai kiran sunan amarya da ango da ƙawayen amarya. Ku tambayi kanku wa ya kai mawaƙin can. Ranar da kasuwar faifai ta mutu, 'yan kasuwa suka koma sayar da wasu kaya, mawaƙi bai daina cin abinci ba, iyalinsa ba su daina rashin lafiya ba. Sai ya duba ya ga masu biya biyu ne suka rage, ɗan siyasa da mai biki. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Waƙar yabo ba abin kunya ba ce a wurinmu, Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo makaɗan fada ne, kuma a cikin yabon suka zuba hikimar da har yau ake nazari a jami'o'i. Amma akwai waƙar da babu ubangidan da zai saya: wadda ke faɗa wa mai mulki gaskiya, wadda ke kuka da halin da maraya ko bazawara ke ciki, wadda ke koyar da tarihi ko nahawun harshe. Irin wannan waƙa ba ta da uba sai jama'a. In jama'a ta ce a banza za ta ji, mai yin ta zai yi ɗaya, ya yi biyu, ya gaji. Na san masu baiwar da suka ajiye waƙa suka kama tuƙin Keke Napep, ba don baiwar ta ƙare ba. Don tuwon gobe ake wanke tukunya, ɗana. Waƙar da kake so ka ji baɗi, bana ake biyan kuɗinta.

Kada ku ɗauka ina nufin intanet abokin gaba ne. Shi ne ya sa waƙar da aka saki a Kano da safe take tashi a zangon Kumasi da Yamai da Kartum kafin la'asar, abin da a da sai direban babbar mota ya kai. Kun ga yadda Jaruma ta Hamisu Breaker ta zaga duniyar Hausawa a 2020, lokacin da cutar korona ta kulle kowa a gida. Kuma a cikin intanet ɗin akwai hanyar halak. Yawancin mawaƙanku suna da tasharsu ta YouTube, suna kuma ɗora waƙoƙinsu a Audiomack da Boomplay, Spotify ma ta shigo Nijeriya a 2021. Abin da ke isa ga mawaƙi daga saurare ɗaya ɗan mitsitsi ne ƙwarai, sai an tara dubbai kafin ya zama abin cefane. Duk da haka yana isa, kuma ana ƙirga shi, da wannan ƙirgen ne mai shirya taro ko kamfanin talla ke sanin darajar mawaƙi. Saboda haka in za ka ji waƙa, ɗauki 'yan daƙiƙu ka nemo tashar mai ita, kada ka tsaya a ta wanda ya kwafo ya ɗora. In za ka tura wa aboki, tura masa adireshin tashar maimakon waƙar kanta. In mawaƙin da kake so ya ƙaddamar da kundi, ko ya buga faifai kaɗan don masoya, saya ko da ba ka da na'urar sakawa a yanzu. Ke ma 'yata, kuɗin datar da kike ƙonawa a mako ɗaya ya fi abin da ake nema a nan.

Sai dai ku san wani abu game da waɗannan manhajoji: haya kuke yi, ba saye ba. Waƙar da ka sauke a cikin manhajar biyan wata-wata tana nan muddin kana biya, ranar da ka daina sai ta kulle. Mai waƙa ko kamfaninsa na iya janye ta, ka duba jerinka ka ga gurbi. YouTube kan rufe tasha ɗungurungum in an kai ƙarar ta sau uku a kan haƙƙin mallaka, kuma da yawan tsofaffin waƙoƙinmu da kuke gani a can masu sha'awa ne suka ɗora, ba magada ba, ba kamfani ba, don haka zamansu ba shi da tabbas. Ko manyan kamfanonin ma ba su tsira ba. A 2019 shafin MySpace, wanda a zamaninsa shi ne matattarar mawaƙa masu tasowa a Amurka da Turai, ya amsa cewa waƙoƙin da aka ɗora masa tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta wajen sauya rumbun ajiya, kimanin miliyan 50. Mawaƙan da suka dogara da shi ba su ajiye kwafi a gida ba, shi ke nan. Kayan aro ba ya rufe katara. A wurinmu ma ba sai an je nesa ba: waya ta faɗa ruwa, ko masu ƙwace su tare ka a lungu, ko memorin jabu da ka saya da araha ya ce sai an goge shi kafin ya buɗe.

Abin lura ne cewa a ƙasashen da intanet ya fi namu ƙarfi da araha, mutane sun fara komawa sayen abin da za su riƙe. A Amurka, a 2022, an sayar da baƙin faifai irin na garmaho kimanin miliyan 41, CD kuma miliyan 33, karon farko da baƙin faifai ya wuce CD tun 1987. Da yawan masu sayen matasa ne sa'o'inku, masu manhajar waƙa a wayoyinsu. Suna saurare a waya, amma kundin da ya shiga ransu suna so ya zauna a ɗaki, suna kuma so kuɗinsu ya isa ga mai shi. Faifai ma yana da nasa ciwon, CD na karcewa, kaset ba ya son zafi da damshi. Shi ya sa shawarata ba ta zaɓen ɗaya a bar ɗaya ba ce. Waƙar yayi ku ji ta a manhaja, ta wuce da lokacinta. Wadda kuka san za ku so 'ya'yanku su ji, ku mallake ta ta hanyar da ta dace, ku ajiye ta a wuri biyu da ba za su ɓace tare ba.

Akwai wata asarar da ba ta kuɗi ba ce, ita ce asarar suna. Kwalin kaset, duk ƙanƙantarsa, yana gaya maka wa ya rera. Waƙar da ta bi ta waya goma kafin ta zo taka takan iso da lamba a madadin suna, ko da sunan da wani ya ga dama ya liƙa. Na sha ganin an rubuta Narambaɗa a kan waƙar Ɗanƙwairo, yaro ya haddace a haka, ya kuma yi gardama a kai. Mata mawaƙan fim sun fi kowa shan wannan: muryar Fati Nijar ce ko ta Maryam Sangandale, amma sai a riƙa kiran waƙar da sunan jarumar da ta motsa baki a fim. Sannan ga yanka. Abin da ke yawo a TikTok daƙiƙa talatin ne da aka gutsuro daga tsakiya, kuma da yawanku a nan saninku da waƙar ya tsaya. Waƙar Shata ko ta Barmani Coge ba a gina ta don a gutsura ba. Sannu a hankali take hawa, amshi yana komowa, makaɗi yana ƙara zambo a kan habaici, sai ka bi ta daga fari kafin ka gane inda aka dosa. Wanda ya ji Bakandamiyar Shata rabin minti bai ji ta ba. Haka kundin mawaƙin zamani da ya zauna ya tsara wace za ta fara, wace za ta biyo. Ku gwada, ko sau ɗaya a mako, ku ajiye waya a gefe ku ji kundi guda daga farko har ƙarshe, in da hali tare da wani babba a gidan. Za ku ji yana cewa wannan da ake kira sarkin gari kaza ne, wancan habaicin da wane ake yi, abin da babu manhajar da za ta gaya muku.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake roƙonku da babbar murya. A gidaje da yawa akwai akwati ko kwali a ƙarƙashin gado ko a saman sif, cike da kaset ɗin mahaifi ko kaka. Na ga abin da ya faru da irinsa a unguwarmu. Wani dattijo ya rasu, aka zo rabon gado, aka fito da kwalinsa tsakar gida. Kaset ne jere, kowanne da rubutun hannunsa a jiki da jan biro, wani da boko wani da ajami: sunan makaɗi, garin da aka yi wasan, wani har da sunan mai bikin. Babu wanda ya so a ƙirga shi a rabonsa. 'Ya'yan suka ce ai duk suna intanet. Yara suka kwashe suna zare zaren suna ɗaurawa a kara, iska na kaɗawa, sauran aka zuba a bola. Ba duka ne ke intanet ba, 'ya'yana. Makaɗan baka ba sa rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Shata kan ƙara baiti nan take gwargwadon wanda ya shigo fili, kuma ya rasu tun 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Kaset ɗin da wani ya ɗauka da rediyonsa a bikin ƙanwarsa yana iya zama shi kaɗai ne a duniya. Balle ƙananan makaɗan ƙauye, masu kiɗan noma da na farauta da na 'yan dambe, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar sutudiyo ba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma wannan zumar ba a sake yin ta.

Ceto shi ba wuya, kuma ku ne kuka fi mu iya wannan aiki. Ku raba kwalin da rana da damshi, kada ku ajiye shi kusa da babbar lasifika, domin maganaɗisun cikinta yana goge murya. Ku nemo rediyo mai kaset da ke aiki, masu gyara a kasuwa har yanzu suna da su, ku goge kan da ke karanta zaren da auduga da ɗan sifirit. Waya ɗaya daga ramin abin sa wa kunne zuwa kwamfuta, da manhajar ɗaukar murya ta kyauta irin Audacity, sun isa. Aikin yana son haƙuri, domin kaset na awa ɗaya sai ya ci awa ɗaya, babu gaggawa. In kun gama kada ku yar da kaset ɗin. Ku ajiye kwafi a kwamfuta, wani a wurin ɗan'uwa a wani gida. In kun ga abin da ba ku taɓa ji a wani wuri ba, ku kai wa sashen harsunan Nijeriya na jami'a mafi kusa da ku, a Kano ko Zariya ko Sakkwato. Manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun shafe shekaru suna tattara waƙoƙin baka suna rubutawa, kuma irin wannan kaya suke nema.

Kafin ku rufe kwamfutar, ku zauna da wanda ya fi kowa shekaru a gidan, ku saka masa, ku rubuta abin da ya faɗa a jikin sunan kowace waƙa: wa ya rera, wa aka yi wa, a wane gari, a bikin wa. In ya manta shekarar, ku tambaye shi wane sarki ne a kan gado lokacin, ko kafin wace yunwa ko wane zaɓe aka yi ta, ku rubuta hakan.